Jan Fentin Baba Kuang

Baba Kuang Degui bai taɓa yin wata sana'a ba sai zuba ruwan zafi a kofin mutane. Tun gemu bai fito masa ba ya shiga gidan shayin da ke bakin lungunmu a Chengdu yana wanke kofuna. Daga baya aka ba shi buta, da tafiya ta yi tafiya kuma gidan ya zama nasa. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda nauyin butar tagulla. Yakan tsaya a bayan mutum ya miƙo dogon bakin butar ta gefen kunnensa ya cika masa kofi, ko ɗigo bai taɓa jaridar da yake karantawa ba. Ba a kiransa da baki. Daga yadda ka jingine murfin kofinka yake sanin ruwa kake so ko tashi za ka yi. Shagona na aski yana kallon ƙofarsa. Daga kawuna na gaji shagon, kuma tare da kujera da madubi na gaji kan Baba Kuang, wanda bai yarda da inji ba, sai aska da tawul mai zafi.

Gidan shayin nasa irin na da ne. Kujerun gora ne masu kuka in an zauna, bango ya yi baƙi da hayaƙin taba, kalandun shekarun da suka wuce na nan a manne ba wanda ya kula ya cire. Akwai talabijin da ke kunne tun safe ba mai kallo, ga ƙarar masu buga majang, wasanmu na ƙwayoyi a kan tebur, ga ɓawon 'ya'yan kabewa a ƙasa, ga kejin tsuntsaye da tsofaffi ke ratayewa a bakin rufi. In kana son a ji ka sai ka ɗaga murya, kuma muryar mai gidan ta fi ta kowa. Sai dai masu zuwa suna ta raguwa, ba don sun sami wani wurin ba. Tsufa ne ke ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Mutum in yana kwance a kujerar aski da tawul a fuska yakan faɗi abin da ba ya faɗa a zaune. A haka na ji labarin matarsa Guizhi, wadda ta rasu 'yarsu Ruolin tana makarantar sakandare. Likita ya kira shi gefe ya gaya masa ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Ita kuwa aka ce mata gyambon ciki ne. Haka ake yi a wajenmu, ba a ɗora wa mara lafiya nauyin da ba zai iya ɗauka ba, kuma Baba Kuang bai taɓa ganin ya yi laifi ba.

"Ƙaryar ba ita ce mai wuya ba, Teng," ya ce da ni. "Ƙarya kowa ya iya. Har takarda na roƙa aka rubuta mini wata daban na kai mata ta karanta. Abin da ke tona mutum shi ne ya daina musu. Matar da muka shekara muna faɗa a kan yawan gishiri, tun daga ranar ban ƙara ce mata a'a ba. Ta ce tana son lemo ba lokacinsa ba, na zaga gari na samo. Ta ce in bar taba, na bari. Wata rana ta dube ni ta ce, Degui, yaushe ka zama mutumin kirki?"

Ruolin ta karanta tsara cikin gine-gine, ta yi aiki a Shanghai tana gyara wa mutane ofisoshi da otal. Duk zuwan da za ta yi gida sai sun yi da uban a kan gidan shayin, har a shagona nake jiyo su. Ita tana cewa a kwashe tarkacen nan a bar wuri ya sha iska, shi yana cewa tarkacen ne ya yi mata karatu. Sai da rufi ya yi yoyo a kan teburin majang wata damina, sannan ya jefa mata makullai ya ce ta yi abin da ta ga dama. Ta ajiye aikinta ta dawo gida.

Ba a daɗe da fara gyaran ba ciwon ciki ya kwantar da shi. A asibiti aka gano ɗan tsiro a hanjinsa. Likitoci suka ce ba mugun ba ne, amma dole a cire shi kafin ya juya, kuma sai hawan jininsa ya sauka za a yi tiyatar. Ruolin da bakinta ta gaya mini, tana zaune a dokin ƙofar shagona da ƙura a gashinta, tana dariya tana share hawaye. Aka kai shi gidan ƙanwarsa, Gwaggo Defen, a tsallaken kogi, don ya huta kafin ranar.

Ina kallo aka kwashe komai. Abin da ta yi da wurin ni dai ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ya yi kyau. An kankare bangon har bulo, aka kawo magina daga ƙauye suka shafe shi da farar ƙasa da hannu, shafi bisa shafi, kowanne sai ya bushe a ƙara wani. Ta buɗe rufin daga tsakiya ta sa gilashi, haske yana saukowa a kan dogon tebur guda ɗaya da aka yi da tsohon katakon rufin gidan, aka goge shi ya yi haske, ba a shafa masa komai ba. Benci dama da hagu. Maimakon ƙofofi ta rataye farin akoko daga sama har ƙasa ya raba wuraren zama. Ba talabijin, ba kalanda. A bangon ƙarshe, wanda ke fuskantar mai shigowa, ta sa abu ɗaya tak: hoton ubanta yana saurayi riƙe da buta, baƙi da fari, ta sa aka ƙara masa girma aka yi masa baƙin firam. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramar kanta da kaskon turare, kamar yadda ake yi a sababbin gidajen shayi. Ni ma na sha shiga da fita ana aikin, ban ga komai ba sai kyau.

Ranar da za a nuna masa, sai da ya fara biyowa shagona na yi masa aski. Ya ɗan rame amma bakinsa na nan. Abokinsa Tsoho Pu, mai tsuntsun da ba a taɓa jin kukansa ba, ya zo ya same mu.

"An ce sun leƙa cikinka sun tarar ganyen shayi ya tsiro," in ji Pu.

"Gara ni an sami wani abu. Kai in aka leƙa kanka sai dai a mayar a rufe."

"Taso dai, tsohuwar buta, mu je mu ga inda 'yarka ta kai kujerata."

Muka tsallaka tare. Ruolin ta ɗaga mana labulen ƙofa, ta sa farar riga irin ta masu haɗa shayi. Pu ne a gaba, yana cikin magana ya shiga. Bai yi nisa ba maganar ta tsaya a bakinsa. Farin yadi dama da hagu, hayaƙin turare na tashi a miƙe, can ƙarshe ga fuskar Kuang Degui a baƙin firam. A wajenmu haka ake shirya ɗakin makoki, Pu kuwa ya je makoki da yawa a 'yan shekarun nan. Ban ce ya yi niyya ba. Hannunsa ne kawai ya tashi ya cire hularsa, kansa ya ɗan sunkuya.

Baba Kuang yana bayansa yana kallo.

Pu ya farga ya mayar da hular da sauri, ya yi wata dariya da ba wanda ya taya shi. Gwaggo Defen, da ta riga mu shiga, tana tsaye a gefe ta toshe baki da hannu. Ruolin ta dubi wannan ta dubi wancan, sannan ta juya ta dubi bangon kamar yau ta fara ganinsa.

"Baba, ba haka nake nufi ba."

"Wuri ya yi kyau, Auta," ya ce a hankali. "An kyauta."

Ya zauna a bakin benci, aka kawo masa shayi a ɗan ƙaramin kofi ya sha. Kowa yana magana ƙasa-ƙasa, don ɗakin haka yake sa mutum. Shi kuma yana bin bakunanmu da kallo.

Washegari da safe hoton ya sauka, kaskon turaren ma ya ɓace. Ruolin ta tsallaka kogi ta ba shi haƙuri. Gwaggo Defen ta shiga dafa masa duk abin da ya ambata. Pu, da kunya ta hana shi sakewa, ya riƙa zuwa kullum suna buga dara yana bari ana cinye shi. Kowa a ganinsa gyara yake yi.

Bayan 'yan kwanaki ya shigo shagona, ba lokacin askinsa ba. Ya jira wanda nake yi wa ya fita, sannan ya hau kujera. Na ɗora masa tawul.

"Ta cire hoton," ya ce daga ƙarƙashin tawul.

"Ai kuskure ne, Baba. Ta gane."

"Yarinyar da ta taɓa ƙaurace mini a kan launin labule? Ko musu ba ta yi ba. Defen da ta hana ni naman alade mai kitse tun ina da haƙora, jiya ita ta zuba mini da hannunta. Pu kuma sai shan kaye yake yi. Pu fa, wanda in ka juya ka yi tari yake matsar da ɗan dara."

"Tausayinka suke ji, ba ka da lafiya."

"Shi nake faɗa."

Na ce masa da kunnena na ji Ruolin ta ce tsiron ba mugu ba ne. Ya ce shi ma da bakinsa ya gaya wa duk lungun nan ciwon Guizhi gyambon ciki ne. Na ce ya je ya tambayi likita shi kaɗai. Ya ce likita fuskar iyali yake kallo kafin ya buɗe baki. Na ce ya karɓi takardar gwaji ya karanta, ya yi ɗan murmushi kawai. Duk ƙofar da na nuna masa, ya riga ya taɓa rufe wa wani ita da hannunsa.

"Ban ce da gangan ta shirya mini makoki ba," ya ce. "Amma mutum ba ya rataye ubansa a baƙin firam sai abin yana cikin ransa, ko ya sani ko bai sani ba."

Ya cire tawul ya dube ni ta madubi.

"Guizhi an yanka ta. Suka buɗe, suka duba, suka rufe. Sauran kwanakinta a kwance ta yi su da ɗinki. In nawa irin nata ne, ba mai yanka ni. Zan zauna in sha shayina har abin ya zo."

"In kuma ba irinsa ba ne fa? Sun ce in aka bar shi zai juya."

"Shi ya sa zan tambaya. Amma ba da baki ba."

Sai ya gaya mini abin da ya shirya. Ranar Lahadi, jajiberin kwanciyarsa a asibiti, za a taru a gidan shayin a ci abinci. Zai zo da jan fenti ya ce ta shafe farin bangon, ta sauke akokon, ta dawo da kujerun gora da talabijin. Saboda bangon nan ta bar Shanghai. In har ta ce to, ya sami amsarsa, kuma da safe ba inda za shi.

"Baba, duk 'yar kirki za ta ce to. Ga ka da ciwo, ga abin da ya faru."

"'Yata ba 'yar kirki ba ce. Ni na haife ta."

"To bari in ɗan gaya mata."

"Ka gaya mata ta zo ta yi mini a'a ta wasan kwaikwayo? Rayuwata na yi ina karanta fuskar mutane. Zan gane, daga nan kuma ba abin da ya rage da zan gwada da shi. In kana ƙaunata ka yi shiru, Teng."

Na goga masa aska a kan da ba gashi, ya sauka ya tafi. Na leƙa na ga bai nufi gada ba. Ya bi ta ƙasan lungu, ya tsaya jim a ƙofar shagon da ake ɗinka kayan gawa, yana duban rigunan da aka rataye. Bai shiga ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗin aiki ba. Gwaggo Defen ta shigo mini wata safiya da kwandon cefane a hannu.

"Yaya ya sayo jan fenti ya ɓoye a ƙarƙashin gado, kamar ba ni ke sharar ɗakin ba. Na san abin da zai ce. Kai kuna shiri da Ruolin, ka taya ni yi mata magana. Duk abin da ya nema ta yi masa. Bango ne fa, ba ya jin ciwo."

"Gwaggo, ni da a bar ta ta faɗi abin da ke ranta."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ashe kai ma ɗan zamani ne. Uba zai shiga hannun masu wuƙa, kana zancen abin da ke ranta. Kawunka da ya bar maka shagon nan bai bar maka hankali ba."

Ranar Asabar da yamma Ruolin ta zo da kanta. Ta hau kujerar aski tana juya ta da ƙafa. A lokacin an fara buɗe wurin, samari da 'yan mata suna zuwa su zauna shiru su ɗauki hoton hasken da ke kan tebur.

"Me yake ce maka in ya zo?"

"Hira dai."

"Gwaggo ta gaya mini zancen fenti." Ta tsayar da kujerar. "Ka san farar ƙasa shanye fenti take yi? In ya hau ba ya fita. Sai dai a sake kankarewa har bulo, maginan kuma sun tsufa, da ƙyar na shawo kansu suka zo."

Na ci gaba da ninke tawul.

"Amma na rataye ubana kamar gawa, Teng. Da wane baki zan ce masa a'a?"

Maganar tana bakina. Na juya mata baya ina wasa aska a fata, ina tuna idonsa a madubi. Abin da na iya cewa shi ne, "Ke dai kin san halinsa, shi ma ya san naki."

"Shi ya sa," ta ce, ta tashi ta fita. Na san ba ta ɗauka yadda nake nufi ba.

Lahadi da rana aka jera abinci a kan tabarmar gora a tsakiyar dogon teburin, kifi da awara mai yaji da ganye da shinkafa. Ni ma an gayyace ni. Baba Kuang ya shigo da gwangwani a hannu, Pu na biye da shi riƙe da burushi bai san dalili ba. Ya ajiye gwangwanin a ƙasa ya zauna. Ba wanda ya taɓa abinci.

"Auta, ina da roƙo."

"Ina ji, Baba."

"Wurin nan sanyi yake ba ni. Ina so kafin in tafi gobe in ga ja a bangon nan, duka. A sauke yadin nan. A dawo mini da kujeruna da talabijin."

"Ai ba wani abu ba ne, Yaya," in ji Gwaggo Defen da sauri. "Ruolin, kin ji."

Ruolin ta daɗe tana kallon bangon. Rana ta faɗo a kansa, ana ganin sawun hannun magina. Ta dubi ubanta. Ni ba ta dube ni ba, kuma ko ta duba ban san me fuskata za ta gaya mata ba. Ta tashi ta ɗaure gashinta, ta durƙusa ta ɓalle murfin gwangwanin da cokali. Warin fenti ya danne ƙamshin shayi. Ta karɓi burushin daga hannun Pu.

"Daga ina zan fara, Baba?"

Na ga kafaɗarsa ta hagu ta sauka har ta daidaita da ta dama. Ya juyo ya dube ni ya ɗan gyaɗa kai.

"Duk inda kika ga dama," ya ce, da wata murya mai laushi da ban taɓa jin sa da ita ba. "Na gode, Auta."

Ta tsoma burushin ta miƙe ta nufi bango. Hannuna na riƙe da bakin benci. Ta tsaya daf da bangon da burushi a ɗage. Shi kuma, don kada ta riƙa sunkuyawa, sai ya miƙa hannu ya ɗauki gwangwanin daga ƙasa ya ɗora a kan tebur kusa da ita. Hankalinsa ba ya wurin. Fenti ya riga ya gangaro ta gefen gwangwanin.

Ƙarar ajiyewar ce ta sa ta waiwaya.

"Baba, ɗauke shi daga nan."

Ya dube ta bai gane ba.

"Na ce ka ɗauke. Katakon nan ba a shafa masa komai ba."

Ta jefa burushin cikin gwangwanin ta fizge shi. Ja ya zana zobe a kan katakon. Ta wawuri tsumma ta shiga gogewa, tana gogewa yana yaɗuwa.

"Shekara da shekaru kana zuba ruwa ba ka ɗiga wa kowa ba, yau ka rasa inda za ka ajiye gwangwani sai a kan teburina?"

"Ruolin," in ji Gwaggo Defen. "Ubanki ne fa."

"Na san ubana ne, Gwaggo, wani ba zai iya ba." Ta miƙe, hannunta ja har wuyan hannu. "Ba zan shafa ba. Na cire hoto, na cire turare, na ba da haƙuri har na gaji. Bangon nan ba zan taɓa shi ba. Wurinka mutuwa yake yi, Baba, kai ma ka sani. Tsofaffi 'yan kaɗan, kowa da kofi ɗaya tun safe har yamma, rufi na zuba a kansu. Kai ka jefo mini makullai."

"Na ba ki makullai, ban ce ki mai da mini gida asibiti ba."

"Ka ce in yi abin da na ga dama."

"Ban san abin da kika ga dama shi ne babu ba. Ina kujera? Wannan benci ne ko horo? Mutum ya zauna ba inda zai jingina bayansa."

"To kar ka zauna. Ka je a cire maka ɗan abin nan da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ka dawo ka shafe ɗakinka da ja har rufi ka kwanta a ciki. Ni ce zan yi shekara ashirin ina fama da kai kana zaune kana kushe mini wuri, ba Gwaggo ba."

Gwaggo Defen ta fara kuka. Pu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Baba Kuang ya miƙe tsaye, kuma da ya buɗe baki muryar da na sani ce ta fito, har ta cika ɗakin.

"Kin ji ta, Defen? Abin da ake koyarwa a Shanghai ke nan."

"A gidan nan na koya," in ji Ruolin.

"Ki ci abincinki ke da bangonki."

Ya bankaɗe labule ya fita. Na bi shi. Yana sauri kamar ba mara lafiya ba, sai a bakin lungu wajen mai taliya ya tsaya, ya dafa sandar fitila. Kafaɗunsa na rawa. Na tsaya a bayansa ban matsa ba, don ban san ko kuka yake ko dariya ba. Da ya juyo idonsa ya jiƙe.

"Ka ga fuskarta? Saura kaɗan ta jefe ni da tsumman." Ya ja numfashi. "Shekara ashirin, wai. Yarinyar nan ba ta da kunya ko kaɗan."

"Za ka je gobe, Baba?"

"In ban je ba, wa zai riƙa gaya mata bencin nan ba ya zaunuwa?"

Ya ja 'yar kujera ya zauna ya ce yunwa yake ji. Mai taliyar ta san shi tun tana yarinya, ba ta tambaya ba ta ɗauki ludayin man barkono.

"Ban da yaji," ya ce.

Ta tsaya da ludayin a hannu tana kallonsa.

"Likita ya hana. Zuba dai, kar ki tsaya kallona."

An yi tiyatar aka cire tsiron, ya yi 'yan kwanaki a kwance yana faɗa da ma'aikatan jinya a kan yadda suke dafa ruwa. An hana shi ɗaukar abu mai nauyi, don haka bai ƙara riƙe buta ba. Gwaggo Defen kuwa har yau ba ta huce ba. Duk wanda ta samu sai ta ba shi labarin yadda Ruolin ta yi wa ubanta tsawa a gaban mutane ana gobe za a yanka shi, kuma in Baba Kuang yana wurin yakan gyaɗa kai ya ce ƙwarai haka aka yi.